Baƙauye a Kasuwar Kano: Nazari a kan Wasannin Malam Aminu Kano da Aikinsa na Jarida

A kwalejojin horon malamai, in aka zo darasin tarihin rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa, a kan fara da wasanni shida waɗanda Dokta R. M. East ya tsara a 1936, daga nan sai a ambaci Malam Aminu Kano, a ce yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka gwada wannan fanni. Ɗalibi ya haddace sunayen wasanni biyu ko uku, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya ci maki, ya wuce. Amma ko shafi guda ba a taɓa ɗora masa a hannu ba, gama wasannin nan ba a buga su ba. Wannan hali yana da haɗari iri biyu. Ko dai a yi ta yabon mutum a kan aikin da ba a auna ba, don girman sunansa a siyasa, ko kuwa a tsallake shi gaba ɗaya, a ce abin da ba ya cikin littafi ba ya cikin adabi. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna akwai abin aunawa, kuma in an auna za a ga wasanninsa da rubuce-rubucensa na jarida da jawabansa na siyasa duk aiki ɗaya ne, watau neman hanyar da magana za ta kai kunnen manomin ƙasar Kano.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne daga zuriyar Gyanawa, waɗanda aka sani da ilmin shari'a, kuma ya yi aikin muhuti a majalisar alƙali. Saboda haka tun yana yaro ya saba da zauren da a ke kawo ƙara, a ji ta bakin mai ƙara, a ji ta bakin wanda a ke ƙara, a yanke hukunci. Wanda ya tashi a irin wannan gida ya riga ya ga yadda magana biyu su ke karo da juna a gaban jama'a, kuma shi ke nan ƙashin bayan wasan kwaikwayo.

Ya yi makarantar Shahuci, ya yi Midil ta Kano, a 1937 ya tafi Kwalejin Kaduna, inda ya fito da takardar malanta a 1942. A can ne, tsakanin 1938 da 1941, ya rubuta gajerun wasanni wajen 20 don 'yan makaranta. Ya koyar a Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙungiyar muhawara ta garin. A 1946 ya tafi Jami'ar Landan ƙaro ilmin koyarwa. Bayan komowarsa aka kai shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, kuma daga can ya ajiye aiki a Nuwamba 1950, ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na wannan shekara. Ya zama shugabanta a 1953. Sauran labarin, daga Majalisar Wakilai ta Ikko a 1959 zuwa kwamishinan Gwamnatin Tarayya daga 1967 zuwa 1974, da jam'iyyar PRP a 1978, har rasuwarsa ran 17 ga Afrilu, 1983, sananne ne, ba sai an tsaya a kansa ba.

Ƙasar da wasannin suka yi magana a kanta

Ba a fahimtar jigon wasannin nan sai an san ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman ta arewa, watau gundumomin Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bici har zuwa Ɗambatta. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, wadda Mortimore da Wilson suka yi mata nazari na musamman a 1965. Gida na hangen gida, gona na jingine da gona, ba dajin da za a sara a yi sabuwa, ba kuwa halin a bar wata ta huta. Kowace damina a kan shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri ɗaya, ƙarƙashin ɗorawa da kuka da gawo, kuma abin da ya ke riƙe da ƙarfin ƙasar shi ne taki. Da rani manomi ya kan ɗora wa jakinsa itace ko kara ya nufi birni, ya komo da mangala cike da takin da aka share daga gidajen birnin. Watau shi da birni ba su rabuwa, kamar ɗan jinjiri da goyo.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗi. Kuɗin kuwa tilas ne, domin haraji da jangali da kuɗi a ke biyansu, kuma da kaka a ke tara su, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa baitulmalin En'e. Kaka ita ce lokacin da amfanin gona ya fi araha. Manomi ba shi da ikon ya ajiye gyaɗarsa har ta yi daraja, gama mai karɓar haraji yana tsaye a ƙofar gida. Sai ya kai ta wurin 'yan baranda da masu sikeli ya sayar yadda aka taya, in ba ta isa ba ya taɓa rumbu, sa'an nan da bazara ya sayi hatsin da tsada ko ya ci bashi. Wannan shi ne zagayen da yaro ɗan shekara 18 ya ɗauko ya kai dandalin makaranta.

Abin da sunayen wasannin su ke faɗi

Wasanni biyu ne masu tarihin adabi suka fi adana sunansu da jigonsu. Na farko shi ne Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?, wanda ya nuna yadda 'yan kasuwar birni su ke zaluntar mutanen ƙauye. Na biyu shi ne Ƙarya Fure Ta Ke Ba Ta 'Ya'ya, wanda ya taɓo nauyin harajin da a ke ɗora wa talakawan karkara. A kan lissafa su daban daban, kamar ɗaya na kasuwanci ne ɗaya na mulki. Amma in an dubi zagayen da aka bayyana a sama, sai a ga zare ɗaya ne: haraji ne ya ke kora manomi kasuwa a lokacin da ba shi da bakin ciniki, kasuwa kuma ta ƙarasa abin da haraji ya fara.

Sunan wasa na farko ya isa a tsaya a kansa, don an gina shi da gwaninta. A siga tambaya ce, amma ba ta neman amsa. Da farko akwai wakilin sunan nan “kai”, wanda ya ke nuna mai sauraro da yatsa tun kafin a fara wasa. Na biyu, in Bahaushe ya ce “kai wane ne da za ka yi kaza”, matsayi ya ke tambaya, kuma da raini ya ke tambayarsa. Ma'anar ke nan kuɓuta daga cuta gata ne, sai wanda ya ke wani ne ya ke samunsa. Na uku, kuma shi ya fi nauyi, shi ne ɗan ƙaramin “a” da ke cikin “za a cuce ka”. Wannan wakilin suna ba ya bayyana mai aiki. Ba a ce dillali zai cuce ka ba, ba a ce mai awo zai cuce ka ba. An bar cutar ba mai ita, kamar yadda a kan ce za a yi ruwa ko za a yi sanyi. Da harafi guda marubucin ya ɗauke laifin daga kan mutum ɗaya ya aza shi a kan tsarin kasuwar duka.

Har wa yau, jimlar tana iya fitowa daga baki biyu. In ɗan birni ne ya faɗa, izgili ne. In baƙauye ne ya faɗa wa ɗan'uwansa da ya komo gida hannu wofi, ta'aziyya ce da saduda. Jimla ɗaya mai ɗauke da murya biyu masu gaba da juna, lalle wanda ya ƙirƙiro ta yana da kunnen marubucin wasa.

Suna na biyu karin magana ne da kowa ya sani, ba shi ya ƙaga ba. Gwanintarsa tana wurin zaɓe. Hoton da ke cikin karin maganar na gona ne, kuma manomin da ya taɓa ganin wakensa ya yi fure ya kakkaɓe bai kama ba, ba ya bukatar fassara. Akwai kuma dabara ta tsaron kai. Ɗalibin da En'e ta aika kwaleji ba shi da ikon ya tashi ya ce hukuma tana ƙarya, amma ba wanda zai kama mutum don ya yi karin magana.

In aka jera wannan jigo kusa da na wasannin da suka sami shiga maɗaba'a, bambancin ya kan fito sarai. Na East tatsuniyoyi ne da labarai aka mai da su wasa don koyarwa. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, 1949, gargaɗi ne a kan tsabta da amfanin makaranta. Zamanin Nan Namu, 1959, da Jatau Na Kyallu, 1960, na Shu'aibu Maƙarfi, waɗanda suka fara fita a rediyo, suna duban lalacewar tarbiyya da rikicin aure a birni. Duk a cikinsu talaka ne a ke wa faɗa ya gyara halinsa. A wasannin Malam Aminu kuwa, hukuma da masu dukiya ne a ke wa faɗa. Maɗaba'ar Zariya a wancan zamani ta Gwamnati ce, kuma a makarantun En'e a ke sayar da littattafanta. Wanda ya haɗa waɗannan abubuwa biyu ba zai yi mamakin waɗanda aka buga da waɗanda aka bari ba.

Daga dandali zuwa shafin jarida

To, amma wa ya kalli wasannin? 'Yan kwaleji ne da malamansu Turawa, daga baya kuma 'yan Midil ta Bauci da manyan gari da a kan gayyata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama waɗannan yara su ne malaman haraji da alƙalai da hakiman gobe, kuma sa ɗan sarauta ya ga yadda a ke karɓar haraji ta idon mai biya darasi ne mai amfani. Duk da haka, mutumin da sunan wasan ya kira “kai” ba ya cikin ɗakin. Yana can Minjibir yana ɗaure jakinsa.

Jarida ce mataki na biyu. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairu 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ita ce mai shiga ƙauye, amma ta hukuma ce, akwai iyakar da ba ta ƙetarewa. Sai Malam Aminu ya karkata ga Ingilishi. A farkon shekarun 1940 ya rubuta wata ƙasida mai zafi wadda ta kwatanta mulkin En'e ta Kano da guduma, ya kuma riƙa aika rubuce-rubuce ga jaridun Dokta Nnamdi Azikiwe, watau West African Pilot ta Ikko, da Daily Comet wadda ta koma Kano a 1949. A wannan jarida ta biyu ne Malam Magaji Ɗambatta, ɗaya daga cikin mutum takwas da suka kafa NEPU, ya yi aikin jarida, kuma a cikinta aka buga bayanin da Malam Aminu ya yi na dalilan ajiye aikinsa a Nuwamba 1950.

Wannan bayani shi ne mafi shahara cikin rubuce-rubucensa na jarida, kuma wanda ya karanta shi da ƙarfi zai ji hannun marubucin wasa. Jimloli suna bin juna, kowace ta fara da kalmomi iri ɗaya, kowace ta kawo sabon dalili mai nauyi fiye da na baya, kamar mai wasa ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar dandali yana ƙirga laifuffuka. An rubuta shi don kunne ko da ya ke an buga shi don ido. Sai dai harshen ya yanke shi daga mai gona. Razdan ya karanta, 'yan siyasar Ikko sun karanta, malaman ofis sun karanta suna ɓoyewa. A dandali ya sami harshen manomi bai sami manomin ba. A jarida ya sami 'yancin faɗin abin da ya ke so, amma ya bar harshen.

Mataki na uku ne ya haɗa masa duka biyu, watau taron siyasa a filin kasuwar ƙauye. A nan ya yi magana da Hausa, da karin magana da aya da barkwanci, a gaban mutanen da tun 1938 ya ke rubutu a kansu. Farashin kuwa ya yi tsada. A zaɓen 1951 NEPU ta yi ƙarfi a matakin farko a Kano, amma zaɓen hawa hawa ne, En'e kuma tana da ikon cusa nata mutane a matakin sama, har ya zama ba ɗan NEPU ko ɗaya da ya kai Majalisa. A gundumomi kuwa an ɗaure magoya bayanta da yawa a kotunan alƙalai. Sai a Oktoba 1979, sa'ad da Alhaji Abubakar Rimi na PRP ya hau kujerar Gwamnan Jihar Kano, aka soke haraji da jangali, shekara 40 bayan wasan da ya yi kuka da su.

Abin kwatance daga Turkiyya

Haɗa wasan kwaikwayo da aikin jarida a hannu ɗaya ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi shi ba. A Istambul, Namik Kamal yana rubutu a jaridar Ibret sa'ad da aka nuna wasansa Vatan yahut Silistre a Afrilu 1873. 'Yan kallo suka fito titi suna sowa, hukumar Sarkin Turkawa ta rufe jaridar, ta kai shi tsibirin Kubrus, inda ya zauna a tsare fiye da shekara 3. Bayan ƙarni kusan guda, Haldun Taner, wanda ya daɗe yana da fili nasa a jaridun Istambul, ya rubuta Keshanli Ali Destani, wanda aka fara nunawa a 1964, a kan mutanen karkara da suka tare a unguwannin talakawa na gefen birni, ya kuwa gina shi a kan salon wasannin gargajiya na ƙasarsa.

Kwatancen yana koyar da abu biyu. Su Turkawan sun tarar da gidan wasa mai sayar da tikiti, da maɗaba'a mai zaman kanta, da jama'a masu karanta jarida da harshensu, saboda haka ko an kori marubuci aikinsa ya kan tsira. Malam Aminu bai tarar da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Abu na biyu kuwa ya shafi zaɓinsa shi kansa. Ƙauyukan Kano suna da nasu wasan kwaikwayo tun kafin zuwan Turawa. A kalankuwa, da kaka, samari da 'yan mata su kan naɗa sarki da alƙali da dogarai su kwaikwayi mulki. A tashe, cikin watan azumi, yara su kan yi wa malami da attajiri da gwauro ba'a. A fada ma akwai wasan gauta, inda mata su ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansa. Waɗannan duka dariya ce mai izini, ta yini ɗaya ko wata ɗaya, in an gama kowa ya koma matsayinsa. Malam Aminu yana son dariyar da ba ta ƙarewa da watsewar taro, amma ya zuba ta a mazubin makarantar Turawa, mai labule da benci. Abin da Taner ya yi, watau ɗaukar mazubin gida a zuba masa sabuwar magana, shi ne hanyar da ba a bi ba a Kano a wancan lokaci.

Hukunci

Akwai kuma wani rauni a jigon kansa. Wasan da ya raba duniya gida biyu, ɗan birni macuci da baƙauye abin cuta, ya rage wa baƙauyen daraja ko da yana kare shi. Manomin Bici ko Ɗambatta ba baƙo ba ne a Kasuwar Kurmi. Masaƙi ne, marini ne, falke ne, ɗan cin rani ne, ya san mudu ya san ƙwarya. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina da Ɗorayi ta ƙasar Kano ya nuna cewa cikin ƙauyen ma akwai mai rumbu goma da mai sayar da gonarsa, kuma bashin hatsi sau da yawa daga maƙwabci a ke cinsa. Ba duk cuta ce ta ke shigowa ta ƙofar birni ba. Daga baya, a wasannin talabijin da finafinan Kano, hoton nan na baƙauye a birni ya bunƙasa ƙwarai, amma an tsame fushin an bar dariyar, har ya zama da shi a ke dariya maimakon da mai cutarsa. Ba Malam Aminu ya jawo wannan ba, amma rabon gida biyu da ya yi yana da wannan ƙofa a jikinsa.

Bayan an faɗi wannan, matsayinsa yana nan. Ba za a sa shi sahu ɗaya da Shu'aibu Maƙarfi wajen gina hali da saƙa zance ba, gama Maƙarfi ya bar littattafan da za a buɗe a nuna. Abin da za a ba shi shi ne ya fara juya fuskar rubutaccen wasan Hausa daga yi wa talaka wa'azi zuwa tuhumar mai mulki, kuma ya yi haka yana ɗalibi, a ƙarƙashin hukumar da ke biya masa kuɗin makaranta. Littattafansa da aka buga, irin su Motsi Ya Fi Zama da tarihin Malam Sa'adu Zungur na 1973, suna nan don mai son auna Hausarsa ta zube.

Saura aiki biyu. Na masana shi ne su tattara abin da ya rubuta a West African Pilot da Daily Comet, su bi takardun da ke gidansa na Gwammaja, wanda Jami'ar Bayero ta mai da shi cibiyar nazari da sunan Mambayya, su fitar da su cikin littafi guda tare da fassarar Hausa. Na malaman kwaleji kuwa ya fi sauƙi. Maimakon a sa ɗalibi ya haddace sunan wasa, a ba shi sunan a matsayin jigo, a tura shi kasuwar Bici ko ta Ɗambatta ran da ta ke ci, ya zauna kusa da masu awo daga hantsi zuwa la'asar, ya komo ya rubuta nasa wasan, a kuma nuna shi a filin garin da aka ɗauko shi.